Zanen Kamfe a Kayan Barka

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, har da waɗanda a lokacin na ɗauka ba za su taɓa barin zuciyata ba. Amma abin da ya faru shekarar da aka haifi 'yata ta fari, wannan kam sai dai in ƙasa ta rufe mini ido. Ko yanzu in na tuna sai in ji haushi, don har yau na duba ban ga laifin da na yi ba.

Mu mahauta ne a Talata Mafara, gado tun kaka da kakanni. Surukina kuwa falken shanu ne daga wani ƙauye a bayan Ƙonni, cikin Nijar. Tun kafin a haife ni yake koro shanu kasuwarmu, kuma gidanmu ne masaukinsa. Shi da mahaifina akushi ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke zama, kuma wannan amincin ne ya kai shi ga ba ni 'yarsa. Ba wanda ya taɓa cewa na auro 'yar wata ƙasa. In ka tashi daga Mafara da safe ka bi ta Sakkwato da Illela, kafin la'asar kana zauren gidansu kana shan fura. Iyaka a wurinmu wani ƙarfe ne da ake ɗagawa mota ta wuce.

Ciwon tsofaffin nan biyu ɗaya ne, rediyo. Kowanne yana da tasa, ba ya rabuwa da ita, kuma kowanne ya ɗauka da shi za a ba mulkin duniya da tuni an huta. Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, mahaifina ya ɗauki ɗan takara guda ya aza a ka kamar tare aka haife su. Ya manna hotonsa a rumfarmu, sama da inda muke rataye cinya, duk wanda ya zo sayen nama sai ya haɗa masa da wa'azi. Allah ya sa mutumin nasa ya ci. Talatar da ta biyo baya surukina yana gari, ya yi masa barka da dariya, ya ce Allah ya sa alheri, don tukunyar Nijeriya in ta dahu su ma suna ci, in ta ƙone su ma suna shan ƙauri. Duk muka yi dariya, ba wanda ya kawo komai a ransa.

A lokacin matata tana da cikin fari. Bayan Babbar Sallah, da cikin ya tsufa, aka zo aka tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda aka saba, a kan cewa in ta haihu ta yi arba'in za a dawo mini da ita. Na raka su tasha, na dawo na ci gaba da harkata. Ba a daɗe ba sai rediyo ta kawo labarin cewa sojoji sun karɓe mulki a can. Sabon shugaban namu da takwarorinsa na maƙwabta suka ce ba su yarda ba. Kafin ka ce kwabo an rufe iyaka, an yanke wutar lantarkin da ke zuwa musu daga nan, har ana maganar yaƙi. A cikin wannan ruɗanin matata ta haihu.

Wanda bai san kunyar ɗan fari ba ba zai gane halin da na shiga ba. Labari ya iso ta wayar mahaifiyata, gida ya kaure da guɗa, ni kuwa ina rumfa ina sarar ƙashi kamar ba da ni ake ba. Abokai suna ta tsokana, ina ta haɗe fuska. Ba ni da damar in tambayi mace ce ko namiji, sai da ƙanwata ta zo wucewa ta jefa mini maganar. A cikina kuwa ji nake kamar in yi fiffike.

Da yamma mahaifina ya zauna a zaure ya kira amininsa don ya yi masa barka. Ina gefe ina jin su, don tsohon ba ya waya sai ya saki murya kowa ya ji. Sun fara lafiya lau, gaisuwa har da ta shanu da damina. Sai surukina ya ce sun gode Allah, ko da yake da hasken waya aka karɓi haihuwar a asibiti.

"Tunda kun ɗauke muna kuran," in ji shi. Haka suke kiran wutar lantarki a can.

Da mahaifina ya ce Allah ya kyauta, da an wuce wurin. Ina! Sai ya gyara zama.

"Mu munka ɗauke? Alhaji, ku kunka ja. Mutum na zaune bisa kujeratai ku tashe shi da bindiga, kuma ku ce kar a yi magana?"

"Gidanmu na ko gidanku? Mutumin da kaz zaɓa, daga hawanshi sai ya hwara da mu?"

Daga nan ban sake jin an ambaci jaririya ba. Aka shiga "ku" da "mu", aka tono har abin da ya faru tun suna samari. Mutum biyu da ko mai unguwa ba ya neman shawararsu, sun shiga sharo ba shanu, kowa yana kare fadar da ko ƙofarta bai taɓa gani ba. Ƙarshe mahaifina ya kashe waya ya ce shi da sake kiran mutumin nan sai in shi ya fara kira. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna a kan haihuwar 'yata ake, na mayar na rufe.

Tun watanni kafin nan na je Maradun wurin kawuna na zaɓo ragon suna, fari mai baƙin wuya, ina ba shi dusa da harawa da hannuna. Niyyata in kai shi da kaina. Da hanya ta rufe, aka ce a yanka shi a nan a yi addu'a, a aika wa mai jego da naman. Ni na feɗe shi, ni na soya, na yi yajin da ban taɓa yi wa mai saye ba, na cika bokitai na rufe. Mahaifiyata kuma ta tanadi nata kayan barka: atamfofi, kayan jarirai, sabulu, kanwa da gero na kunu. Aka samo wani ɗan kabu-kabu da ya san hanyoyin daji a bayan Illela, ya ce zai kai.

A nan gwaggona ta shigo labarin, ƙanwar mahaifina da ke aure a Bakura. Ita ce shugabar matan jam'iyya a unguwarsu, kuma lokacin kamfe an jibge mata atamfa mai hoton ɗan takara don ta raba. Ta raba wadda ta raba, saura ta danne a ƙarƙashin gado. Da ta zo haɗa kaya, sai ta ga bai kamata a ce ita ba ta sa komai ba, ta fito da turmi biyu ta ɗora a can sama, ta ɗaure. Mahaifiyata ta gani, amma dangin miji ce, ta yi shiru. Ni kuwa namiji ba ya leƙa kayan barka, balle na ɗan fari. Da hannuna na ɗaure kayan a bayan babur, har ina jaddada wa mutumin ya bi a hankali.

Sauran labarin daga bakin matata na ji shi. Ranar suna mata sun cika gida, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida don a nuna abin da dangin uba suka kawo, kamar yadda ake yi, ana ɗaga kowane zane sama kowa ya gani a sa albarka. Zane na farko da aka warware, sai ga fuskar sabon shugabanmu tana murmushi, daga wannan baki har wancan baki, an jera ta kamar ƙwai a faranti. Mutanen da suka yi kwanaki ba wuta, shinkafa da magani sun yi tsada, 'ya'yansu suna maganar yaƙi. Can sai wata tsohuwa ta ce, "A'a, mai kashe wuta ma ya zo suna." Wasu suka fashe da dariya, wasu suka tashi suka ɗauki mayafinsu.

Kafin a kai ga bokitin naman da na sha wahala a kansa, magana ta isa zaure. Surukina bai tsaya tambaya ba. A ganinsa mahaifina ne ya aiko da zanen da gangan, don ya ƙarasa gardamar da suka fara a waya, kuma a gaban mutanen garinsa. Ya miƙe a cikin taro ya yi rantsuwa.

"Wallahi ɗiyata ba ta taka ƙasarsu sai ran da anka buɗe iyaka. Da rana tsaka anka kai ta, ta ƙohwa, ba ta komawa ta hanyar 'yan sumoga."

Shi ke nan. An bar jaki ana dukan taiki. Shugaban bai san da ni ba, sojojin ba su san da ni ba, mai zanen tana Bakura tana barcinta, amma matata da 'yata aka riƙe.

Washegarin da na ji, na hau babur sai Bakura. Na tarar da gwaggo tana tsince shinkafa. Na gaishe ta yadda ya kamata, na zauna na zayyana mata abin da zanenta ya jawo, ina sa ran ko salati ta yi. Ko tsintar ba ta daina ba.

"To mi? Zane ba zane ba ne? Kyauta anka ba ni, kyauta nib ba su. Wa ka kallon huska in an ɗaura? In ba su so, su maido min abina."

Na ce mata aurena ake magana. Ta ce aure ba ya mutuwa a kan atamfa, ta kuma tambaye ni ko na zo mata da ɗan kilishi. Na tashi na yi mata sallama tun kafin bakina ya faɗi abin da zai sa a tara mini dangi.

Arba'in ta zo ta wuce. Damina ta ƙare, aka yi girbi, aka ɗaure dawa. Waya ma ba kullum ake samu ba, don sai sun kai caji wurin mai sola a bi layi. Wani lokaci ƙanin matata ya turo mini hoto, in shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi ta kallo, in an yi sallama in cusa wayar a aljihu kamar ɓarawo. A majalisa aka laƙaba mini gwauro mai mata. Kasuwa ita ma ta ji a jikinta, shanun arewa suka yi ƙaranci, kowa yana kuka. Mahaifina ranar Talata sai in ga yana waiwayen hanyar da amininsa ya saba ɓullowa, amma in mahaifiyata ta ce ya kira shi, sai ya ce shi ba yaro ba ne, ya ƙara wa rediyo murya.

Da abin ya ishe ni, na ce zumunta a ƙafa take, na shirya na tafi. Daga Illela na hau kabu-kabu muka yanki daji. Hanyar da a mota ba ta kai a sha rake a gama ba, muka yi ta kewaye cikin yashi da gonaki, mu faɗi mu tashi, mai babur yana ta ce mini in ga ƙura daga nesa in sauka in yi kamar mai kewayawa. Ni da takardata ta ɗan ƙasa, da aurena na sunna, ga ni ina raɓe-raɓe a bayan geza don in ga 'yar da na haifa. Na isa garin fari fat, rigata ta yage a hammata.

Abin da ya fi ba ni haushi, surukina bai karɓe ni da faɗa ba, balle in samu abin riƙewa. Tarba ya yi mini ta girma. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka yanka mini zabo. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta, mutum ɗaya kawai ya tsallake. Da na ci na ƙoshi, sai ya jawo rediyonsa kusa ya fara. Kun rufe, kun yanke, kun ce za ku kawo yaƙi. Kaina yana ƙasa ina cewa haka ne, Baba, Allah ya kyauta. Ni da ranar zaɓen ma tsire na yini ina sayar wa masu bin layi, ko yatsana bai ga tawada ba, ni ne na zama gwamnatin Nijeriya a zauren nan. Maganar da ta kawo ni kuwa, ko kusa da ita ban iya zuwa ba. Wa ya isa ya dubi surukinsa ya ce ba ni matata?

Da aka shiga da ni cikin gida, surukata ta miƙo mini yarinyar a gaban mata. Duk sun zuba mini ido suna jiran su ga yadda zan yi. Na karɓa, na ɗan dubi fuskarta, na ji nauyinta a hannuna, na ce Allah ya raya, na mayar. Duk wahalar dajin nan, riƙon da na yi mata bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ina juyawa sai na hangi zanen gwaggo a bakin murhu, an yayyanka shi ana tatar koko da shi. Surukata ta ga inda nake kallo, ta ce yadin shara-shara ne, ya fi kowane mataci da ta taɓa samu.

Ita ce ta ja ni gefe ta gaya mini gaskiyar magana. Ta ce tsohon ya daɗe da gane cewa ba mahaifina ne ya sa zanen ba, kuma ya yi nadama, don duk wanda ya dawo daga wajenmu sai ya kewaya ya tambaye shi ko ya leƙa rumfar mahauta. Rantsuwar ce ta sha masa kai. Na ce ai rantsuwa tana da kaffara. Ta ce limamin garin da kansa ya zo ya gaya masa, ya ciyar da miskinai goma, in bai iya ba ya yi azumi uku, magana ta wuce. Na ce to me ya ce? Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Cewa yay yi, shi ya ji yunwa sabadda shugabanku? Wanda yar ruhe shi buɗe."

Ban san lokacin da na dafe kai ba. Matata tana bakin ƙofar ɗaki da yarinya a kafaɗa, tana hawaye. Ita ma tsakanin uba da miji take, ba ta da bakin magana. Na kwana ɗaya a ɗakin baƙi, na sake bin dajin na dawo ni kaɗai.

Da na iso, mahaifina bai tambaye ni jikarsa ba, bai tambaye ni amininsa ba. Sai da aka jima ya ce, wai shanun mutumin nan suna nan kuwa? Na ce suna nan, shi ma yana nan, ya rame. Na ce a raina yau za a kira waya. Sai ya ce ai wancan ne ya fara, ya tashi ya tafi masallaci. A ranar na tabbata in tsufa ya haɗu da taurin kai, sai dai addu'a.

Haka na zauna ina jiran mutanen da ba su san ina duniya ba su shirya. Ni da ban damu da rediyo ba, na koma kwana da ita a kunne. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo. Cikin azumi aka ce namu ɓangaren ya buɗe iyaka. Na yi murna na kira, aka ce tsohon ya ce da saura, sai nasu ya buɗe, don ƙofa biyu ce. Da nasu ya buɗe kuma ya ce ba a tafiya da mai goyo cikin azumi, a bari a yi Sallah.

Talatar farko bayan Sallah, da hantsi, mota ta tsaya a bakin kasuwa. Aka wuce da matata gida, surukina kuwa ya nufo rumfarmu da sandarsa. Na ajiye wuƙa. Na ce yau za a yi ta, ko dai a ba juna haƙuri, ko a ƙarasa faɗan, ko aƙalla wani ya dube ni ya ce yaro, mun wahalar da kai. Mahaifina ya miƙe, suka kama hannun juna, suka shiga gaisuwa kamar jiya suka rabu. Ina gajiya, ina iyali, ya bayan rabuwa. Sai mahaifina ya dube shi sama da ƙasa.

"Tsohon banza, ka rame."

"Kai ma ba ka yi ƙiba ba."

Suka ƙyalƙyale da dariya, suka zauna a tabarma ɗaya. Mahaifina ya juyo ya ce in gasa wa Alhaji tantaƙwashi, in zaɓi mai kyau. Ina tsaye ina fifita wuta, hayaƙi yana shiga mini ido, ina jin su sun haɗa baki suna zagin 'yan siyasar ƙasashen biyu, wai duk halinsu ɗaya, talaka ne ke shan wahala. Su ne ma ke faɗa. Ba wanda ya ambaci zane, ba wanda ya ambaci rantsuwa, ba wanda ya ko dubi inda nake sai da nama ya gasu.

Da na samu suka saki hanya, na wanke hannu na nufi gida. Tsakar gida cike da mata 'yan sannu da zuwa. Matata tana zaune a tabarma, ga wata yarinya a gabanta tana rarrafe, da haƙora biyu a ƙasa, tana jan kunnen kwano. A ranar na ajiye kunya. A gaban mahaifiyata, a gaban kowa, na durƙusa na miƙa mata hannu biyu. Ta tsaya ta dube ni, ta taɓe baki, ta tsandara ihu, ta juya da sauri ta ƙanƙame wuyan uwarta. Mata suka kwashe da dariya, ana cewa ƙiwuya ce, ba ta san shi ba. Ni ma na yi dariyar don kar a gane, na tashi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Sai da aka yi makonni ina lallaɓa ta da tsokar nama kafin ta yarda in ɗauke ta ba kuka.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, ƙuri'ar da ake jefawa a nan ba a nan kaɗai take tsayawa ba, tana iya tsallaka iyaka ta shiga har ɗakin mai jego. Kuma manya in sun ɓata za su shirya, su yi musabaha a ɗauki hoto, tsofaffi ma su koma tabarmarsu. Amma duk wanda ya bari faɗan sama ya shigo masa cikin zumunci, na ƙasa da shi ne zai biya. An buɗe iyaka, wuta ta dawo, shanu sun dawo kasuwa. Ranar da 'yata ta fara zama, da ranar da ta fara rarrafe, su kam ba wanda ya dawo mini da su.